Ilimin Yaro Da Hannun Ubansa

 Maganar yau a kan wani wasan kwaikwayo ne na ban dariya, wanda aka nuna cikin akwatin talabijin a ƙasar Amurka. Watakila wani dattijo ya ce, ina ruwan malami ko ɗan kasuwa da wasan Turawa? Amsa ita ce, abin da wasan nan ya taɓo yana nan cikin kowane gida inda aka haifi yaron da kansa ya riga shekarunsa girma. Irin wannan yaro kuwa ba a rasa shi a tsangaya, ba a rasa shi a rumfar kasuwa, kuma sau da yawa iyayensa da malamansa ba su san yadda za su yi da shi ba.

Sunan wasan Young Sheldon, watau Sheldon yana yaro. Gidan talabijin na CBS ya fara nuna shi ran 25 ga Satumba 2017, aka yi ta yinsa har zango 7, kashi 141, aka rufe ran 16 ga Mayu 2024. Chuck Lorre da Steven Molaro su suka ƙaga shi. Reshe ne na wani wasa da ya gabace shi, The Big Bang Theory, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2019, inda aka san Sheldon Cooper yana babban mutum, gwanin kimiyya, amma bai iya zama da mutane ba ko kaɗan. Sai masu wasan suka ce bari a koma baya a ga yadda ya tashi. Wani yaro, Iain Armitage, shi ya fito a matsayin Sheldon ƙarami, shi kuwa Jim Parsons, wanda ya yi Sheldon babba, muryarsa kaɗai ake ji yana ba da labari. Daren da aka nuna kashi na fari, mutum fiye da miliyan 17 suka kalla. A kan wannan kashi na fari ne za a yi magana.

Ga yadda labarin yake. A shekarar 1989, a wani ƙaramin gari na ƙage mai suna Medford a gabashin jihar Tekzas, akwai wani magidanci George, mai koya wa 'yan makaranta ƙwallo irin ta Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Matarsa Mary, mace ce mai riƙo da addininta na Kirista. 'Ya'yansu uku: Georgie mai shekara 14, sai tagwaye, Sheldon da Missy, masu shekara 9. Allah ya yi wa Sheldon kaifin hankali wanda ya wuce misali, har makarantar yara ta rasa abin da za ta koya masa, aka tsallake da shi zuwa sakandare, aka sa shi aji ɗaya da wansa. Al'adar gidan ce in za a ci abinci kowa ya riƙe hannun na kusa da shi a yi addu'a. Shi kuwa Sheldon ya karanta labarin ƙwayoyin cuta, saboda haka ba ya taɓa hannun kowa sai ya sa safar hannu mai kauri, ko da hannun ubansa ne.

Ranar fara makaranta ya nace sai ya ɗaura ɗan ƙyallen wuya irin na Turawa, mai siffar malam-buɗe-littafi. Uwar ta san yara za su yi masa dariya, ta lallashe shi ya cire, bisa alkawarin za ta kai shi kantin kayan rediyo. Da shigarsa aji, tun ba a fara darasi ba, ya ɗaga hannu. Ashe ya riga ya haddace littafin dokokin makaranta tun daga bango har bango. Ya ce gashin wannan yaro ya wuce ƙa'ida, tufafin wancan ba na aji ba ne, rigar waccan yarinya shara-shara ce. Bai tsaya nan ba, sai da ya gaya wa malamar ajin cewa ita ma tana da ɗan gashin baki, doka kuwa ta hana. Ya shiga ajin lissafi ya tuhumi takardar shaidar malama. Kafin a tashi malamai sun taru wurin shugaban makaranta suna cewa a fitar musu da shi. Uwar ta tsaya kai da fata, ta ce ba su da kuɗin makarantar kuɗi, nan zai zauna. Shi kuwa Georgie kunya ta rufe shi, ga shi ranarsa ta fari a sakandare, amma ba wanda ya san shi da kome sai wan yaron nan.

Da yamma uban ya zauna da Sheldon. Bai daka masa tsawa ba, bai ɗauko bulala ba. Ya tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa suka baro garin Galbeston suka dawo nan. Ya ce da can yana da aiki mai kyau, sai ya ga waɗansu manya suna karya doka, suna janyo yara daga waɗansu makarantu su yi musu ƙwallo, abin da aka hana. Ya kai ƙara. Yaron ya ɗauka ƙarshen labari shi ne an hukunta masu laifi. Uban ya ce a'a, shi aka kora, sunansa kuma ya ɓaci. Saboda haka gobe in ya je makaranta ya kama harkar gabansa. Uban ya tashi zai fita, sai yaron ya tambaye shi ko yana baƙin ciki da korar. Ya amsa cewa fushi ya fi yawa, amma lalle akwai ɗan baƙin ciki. Da aka zauna cin abinci, aka miƙa hannuwa, sai Sheldon ya zare safar, ya riƙe hannun ubansa fata da fata. Mai ba da labari ya ce ranar ce ya fara riƙe hannun ubansa.

To, abin da wannan shafi ya gani cikin labarin nan shi ne, sanin doka ilimi ne dabam, sanin mutane kuma ilimi ne dabam, kuma yaro yana iya ƙoshi da na fari alhali yana fama da yunwar na biyu. Na fari ana samunsa a takarda, mai kaifin kai yana iya cinye shi cikin dare ɗaya. Na biyu ba ya shiga sai ta hanyar wani babba da ya yarda ya buɗe wa yaro cikinsa. Dukan abin da Sheldon ya faɗa cikin aji yana rubuce a littafi, ba a kama shi da ƙarya ko ɗaya ba. Abin da bai sani ba shi ne malamar nan tana da fuska da za ta ji kunya, yarinyar nan tana da ƙawaye da za su yi mata dariya, wansa kuma yana zaune a bayansa yana so ƙasa ta tsage ya shige. Yana ganin mutane kamar layukan lissafi, wannan daidai, wancan kuskure. Tambayar da ya yi wa ubansa, ko yana baƙin ciki, ita ce karo na fari a cikin wasan da ya dubi mutum bai dubi doka ba. Wannan tambaya ta fi dukan abin da ya koya a makaranta ran nan.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Suna cewa ai uban nan ya koya wa ɗansa tsoro ne. Ya ce masa ya yi shiru, ya kama harkar gabansa, domin mai faɗin gaskiya shi ke shan wuya. In kowane uba ya yi wa ɗansa wannan huɗuba, wa zai tsaya a gaban mai tauye mudu, wa zai gyara wa mai karatu in ya yi ɓata? Lalle in aka ɗauki lafazin uban kaɗai, masu suka sun yi gaskiya, kuma ba a yaba masa a kan wannan lafazi ba. Mutum ne da aka cuta, yana magana da bakin wanda ya ƙone. Amma a duba abin da yaron ya ji. Ya ji cewa ubansa, wanda yake ɗauka mutum ne mai shan giya a gaban talabijin kurum, ya taɓa tsayawa a kan gaskiya har ya rasa abincinsa. Labarin ya fi nasihar ƙarfi. Shaida kuwa ita ce, Sheldon bai bar gyara wa mutane ba har ya girma, kamar yadda duk wanda ya kalli wasan ya sani. Shirun bai kama shi ba, tausayin ne ya kama shi.

Har wa yau akwai bambanci babba tsakanin gaskiyar uban da gaskiyar ɗan, kuma nan ne ya kamata malamai su tsaya su yi nazari. Uban ya yi magana a kan zamba da manya suke yi wadda take cutar waɗansu, ya kai ta inda ake kai ƙara, shi kuma ya biya kuɗinta da aikinsa. Ɗan ya yi magana a kan tsawon gashi da kaurin riga, abin da bai cuci kowa ba, ya faɗe ta a bainar jama'a, waɗansu kuma suka biya da mutuncinsu. Duka biyu sunansu gaskiya, amma ba a auna su da mudu ɗaya. Ɗan kasuwa ya san wannan sarai. In yaron kanti ya ga maigida ya yi kuskuren lissafi a gaban baƙo, yana iya raɗa masa a kunne, kuɗi su dawo, girma ya tsaya. Yana kuma iya ɗaga murya, kuɗi su dawo, girma ya zube. Lissafin ɗaya ne a duka biyun. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, yaro mai kaifin kai kuwa ya fi kowa saurin zara, domin amsa tana isa bakinsa kafin tunanin abin da za ta jawo ya iso.

Kada a ce wannan duk ƙagen masu wasa ne. Tarihin Amurka ɗin kanta ya ajiye misali. An haifi William James Sidis a 1898, ubansa likitan tunani ne wanda ya yi ta shelar hanyarsa ta tarbiyya. Yaron ya shiga jami'ar Harvard a 1909 yana da shekara 11, a farkon 1910 ya tsaya gaban ƙungiyar masana lissafi ta jami'ar ya yi musu lacca, jaridu suka yi ta yayata shi. Ya gama yana da shekara 16. Aka ba shi koyarwa a makarantar Rice ta birnin Houston, a wannan jiha ta Tekzas, ga ɗalibai da suka girme shi, bai cika shekara ba ya bari. Daga baya ya guje wa idon jama'a, ya riƙa yin ƙananan ayyukan akawu, in aka gane shi ya sake wuri, har ya rasu a 1944 yana da shekara 46. An cika masa kai, aka nuna shi ga duniya kamar hajar talla, amma ba a ba shi abin da zai jure zama cikinta ba.

A ɗaya gefen kuma ga Terence Tao, wanda aka haifa a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya a 1975. Shi ma tun yana ɗan shekara 9 yake zama darasin lissafi na jami'a, amma iyayensa ba su yarda a ɗauke shi ɗungum a jefa cikin manya ba. Aka raba masa yini, inda ya yi nisa a bar shi ya ruga, inda yake daidai da yara a bar shi cikin 'yan makaranta. Ya sami digirin dakta a jami'ar Princeton a 1996, a 2006 aka ba shi lambar Fields, wadda ake ƙirgawa cikin mafi girman lambobin lissafi a duniya, kuma an san shi da yawan yin aiki tare da sauran masana. Mutum biyu ba su isa a kafa hukunci a kansu ba, amma masu bincike sun auna da yawa. Lewis Terman na jami'ar Stanford ya fara bin rayuwar yara masu hazaƙa wajen 1,500 tun daga 1921, ya tarar yawancinsu sun tashi lafiya, sun yi aure, sun riƙe sana'a. Watau hazaƙa ba ciwo ba ce. Ita kuwa Leta Hollingworth ta birnin New York, wadda littafinta ya fito a 1942 bayan rasuwarta, ta duba yara 12 waɗanda suka yi wa sauran fintinkau, ta ga babbar wahalarsu ita ce rashin abokin wasa: tsaransu ba su gane maganarsu, waɗanda suke gane ta kuwa sun girme su nesa. Kaɗaici ne yake cin irin wannan yaro.

Masu wasan sun gane haka, domin kashi na biyu kacokan a kan wannan yake. Uwar ta ga ɗanta yana cin abinci shi kaɗai a makaranta, hankalinta ya tashi. Shi kuwa, don ya faranta mata, sai ya tafi ɗakin karatu ya aro littafin Dale Carnegie na 1936 mai koyar da yadda ake samun abokai, ya bi ƙa'idodinsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai haɗa magani, kowa ya gudu. Abokin da ya samu a ƙarshe, Tam, ɗan gudun hijira daga Biyetnam, ya same shi ne domin shi ma baƙo ne mai kaɗaici, yana neman littafin nan. Ƙa'idar littafi ba ta haɗa su ba, ciwo ɗaya ne ya haɗa su.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su cikin irin wannan gida, su ne 'yan'uwan yaron. Georgie ba ya jan karatu, amma yana da idon ciniki, kuma waɗanda suka bi labarin sun san ya girma ya zama mai kantunan tayar mota, shi ya riƙe gidan bayan ubansu. Missy kuwa tana karanta fuskar mutum kamar yadda tagwaininta yake karanta littafi, ita ce ma ta ba shi dabarar neman aboki. Amma hankalin uwa duk yana kan ɗaya, kuɗin gida da lokacin gida duk suna bin ɗaya. Gidan da ya mai da yaro guda fitila, sauran suka zama inuwa, yana shuka gaba da hannunsa, kuma ranar da iyaye suka kau mai hazaƙar ne zai fi kowa bukatar 'yan'uwan nan, tun da shi ne bai iya neman mutane ba. Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma kyautar da aka yi wa 'ya'ya ba iri ɗaya ba ce. Wani an ba shi hadda, wani ciniki, wani iya zama da jama'a, uba mai adalci kuwa shi ne wanda ya kira kowace da sunanta a gaban sauran.

Saura tambaya guda: ya halatta a yi dariya da irin wannan yaro? A nan masu wasan sun yi abin a yaba. Wasan da ya gabata a gaban 'yan kallo aka ɗauke shi, ana jin shewarsu duk lokacin da Sheldon ya yi wauta. Wannan kuwa an ɗauke shi ba tare da muryar masu dariya ba, aka bar mai kallo da zuciyarsa. Dariyar kuma ba a kan yaron kaɗai take sauka ba, tana sauka a kan malaman da ɗan shekara 9 ya firgita, da maƙwabta masu gulma, da iyayen da suka rasa ta cewa. Har ma an nuna iyakar hazaƙar kanta da dabara mai daɗi, wadda 'yan kasuwa za su fi kowa ganewa. A ƙarshen kashin uwar ta cika alkawari ta kai shi kantin RadioShack, yaron yana murna, yana ganin a duniya mai juyawa wannan kanti ne abin da zai dawwama. Masu kallo kuwa sun san kamfanin ya karye a 2015, ya sāke karyewa a 2017, shekarar da aka nuna wasan. Mai lissafin tafiyar taurari bai san gobe ba, kamar kowa.

Saboda haka ga nasiha ga wanda aka ba amanar irin wannan yaro, ko ɗansa ne ko almajirinsa ko yaron kantinsa. Kada a dushe shi don ya dame mutane da tambaya, domin wuƙa mai kaifi kube ake yi mata, ba a dasashe ta. Kada kuma a riƙa fito da shi gaban baƙi ana cewa ya karanta a ji, ya lissafa a gani, har ya ɗauka ƙaunar da ake yi masa ladan kansa ce, ranar da ya kāsa kuwa ta ƙare. A bar shi ya yi gaba a fannin da ya yi gaba, amma a bar masa tsaransa, da wasansa, da aiken gida kamar kowane yaro. In ya gyara wa babba a bainar jama'a, a tabbatar masa gyaran daidai ne in daidai ne, sa'an nan a keɓe a nuna masa abin da wancan ya ji a ransa, domin abin da sauran yara suke tsinta da kansu shi sai an karanta masa shi baƙi da wasali. Mafi girma duka, babba ya yarda wani lokaci ya sauko ya ba shi labarin inda shi kansa ya faɗi, da abin da gaskiya ta taɓa ci masa. Girman uba ba ya raguwa da wannan.

Kuma a yi da wuri. A zangon ƙarshe na wasan, wanda aka nuna a 2024, ciwon zuciya ya ɗauke George farat ɗaya, Sheldon yana da shekara 14. Ranar jana'iza ya so ya tashi ya yi magana a kan ubansa, bakinsa ya kāsa. Sai da ya kai shekarun uban, ya haifi nasa 'ya'yan, sa'an nan ya yarda cewa ya daɗe yana ƙirga kurakuran mutumin, alhali mutum ne da ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma ƙoƙarin ba kaɗan ba ne. Tsakanin ranar da ya zare safar nan da ranar da aka rufe uban shekara 5 ne kacal. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuma ba a ba shi sanin yawan kwanakinsa ba.

Allah ya shirya zuriya, ya ba iyaye da malamai haƙurin riƙon amana.